Sai Jiya

Na daɗe ina cike wa direbobin manyan motoci takardun kwastam a Magama. Da aka rufe boda, aikin ya mutu murus. Wani direba ya ce mini ƙanwarsa tana da ƙaramar makaranta a tsallake, cikin Nijar, tana neman mai koyar da Ingilishi. Ni da ko ɗana ban taɓa koya wa karatu ba, na amsa, don zaman banza ya ishe ni.

Ranar farko yara suka miƙe suka kira ni "Mushe". Raina ya ɓaci, don a wurinmu mushe dabbar da ta mutu ba yanka ce. Mai makarantar ta yi dariya har da hawaye, ta ce haka suke kiran malami.

Yarinya ɗaya ce kawai take ce mini Malam. 'Yar ƙasarmu ce, daga wani ƙauye bayan Jibiya, iyayenta sun gudo daga 'yan bindiga. Ba ta wuce shekara shida ba, ga giɓi a gaba, ga surutu.

Na koya musu in an tashi su ce mini "Si yu tumoro", wato sai gobe. Kowa ya iya, ban da ita. Sai sun gama, ta ɗago murya ita kaɗai: "Si yu yestade."

"Ke, jiya ta wuce," nakan ce. "Wa ke ganin mutum jiya?"

Ina da saurin fushi, har rula na taɓa buga wa tebur a kan wannan kalma.

Da ruwa ya sauka ta same ni ina goge allo.

"Malam, babanmu ya ce gida za mu koma, mu yi shibka."

Na san yadda dajin ƙauyensu yake da 'yan bindiga. Na yi niyyar in je in roƙi uban ya bar yaran a nan, sai na ce ina ruwana da mutum da gonarsa. Ban je ba. A bakin ƙofa ta juyo ta faɗi yestade ɗinta. Na ce ta gyara. Ta yi dariya ta ruga.

Kafin gero ya kai gwiwa muka ji an shiga ƙauyensu da rana tsaka, an kwashi mata da yara daga gonaki. Na tsallako Jibiya ranar kasuwa, na bi tasha ina tambaya. Aka ce 'yar wa? Ko sunan ubanta ban sani ba. Kunyar wannan ba ta sake ni ba, kuma har yau ban san ko tana raye ba.

Ina nan ina koyarwa. Kullum in an tashi yara su haɗa baki su ce tumoro, ni kuma in tsaya da alli a hannu ina jiran muryar da za ta yi kuskure a bayansu. Ina ganin yarinyar, da giɓinta, a bakin ƙofa. Amma kullum a jiya nake ganinta, kamar yadda ta faɗa.