Sifana Lamba Takwas

Ranar da Baba ya rasu ina kwance a cikin wutsiyar jirgin saman wani mai kuɗi, ina ɗaure tiyon gas. Ban sani ba sai da na fito.

Baba gyaran esi, wato na'urar sanyaya mota, yake yi a Kpakungu. Tun ina aji uku a sakandare nake riƙe masa gejin auna gas, don Yayana ba ya son maiƙo a hannunsa. Ƙaramin jirgi irin na masu hali, sanyinsa da na mota kusan uwa ɗaya uba ɗaya ne: kwamfuresa, bel, gas. Sai dai na jirgi yana maƙale can cikin wutsiya, ta wata 'yar ƙofa da ƙato ba ya shiga sai da ƙyar. Injiniyan da ke zuwa daga Abuja duba jirgin in ya sauka a filin jirgi na Maikunkele ya taɓa kawo motarsa garejinmu, ya ga aikina, ya ce in riƙa zuwa ina taya shi. Dattijo ne, Kirista daga kudancin Kaduna, mai tumbi. Shi ke da lasisi, shi ke dubawa ya sa hannu. Ni nawa shiga rami ne.

Dokokinsa biyu ne. Waya a bar ta a mota. Akwatin kayan aiki kuma, kowane ƙarfe yana da gurbinsa da aka yanka a cikin soso, ba a rufe jirgi sai kowane gurbi ya cika. Igiyoyin ƙarfen da ke juya wutsiya ta cikin ramin nan suka bi. Ƙaramin abu in ya faɗa tsakaninsu, a sama zai nuna kansa.

Lokacin zafi ne, irin wanda kwalta ke laushi. Matuƙin ya ce esi yana hura iska mai ɗumi, mai jirgin kuma zai tashi ƙarfe huɗu. Muka samo inda gas ke yoyo, muka canza robar, muka zuƙe iska, muka cika. Sha biyu saura na sauko, rigata kamar an tsoma ta a ruwa. Na je mota shan ruwa, na ga kiran Yaya jere a waya. Na kira shi.

"Ke kina ina ne tun ɗazu? Baba ya cika."

Na ce, "To."

"To? Innalillahi za ki ce." Na faɗa. Ya ce, "Ana idar da azahar za a fita da shi. Da zafin nan ba a ajiye gawa. In kina son ganin fuskarsa, ki taho yanzu."

Baba ya daɗe da hawan jini, amma da safen ranar na bar shi a ƙofar gida yana shan koko yana faɗa da rediyo. Na tsaya ina jiran kuka ya zo. Bai zo ba. Lissafi kawai kaina ya yi: daga filin jirgi zuwa gida a okada, minti arba'in. Akwai lokaci.

Na gaya wa Injiniya. Ya cire hularsa ya ce, "Kai! Allah ya ji ƙansa, ya ba ku haƙuri. Je ki, 'yata, je ki." Ya sunkuya zai rufe akwati, sai hannunsa ya tsaya. Gurbi ɗaya babu komai. Sifana lamba takwas, 'yar ƙarama, tsawon yatsa.

Ya dube ni, ya dubi jirgin. Ya ce, "Ke kika riƙe ta."

"Na mayar, Oga."

"Ba ta nan."

Na laluba aljihuna biyu, na zazzage su a gabansa. Babu. Gumi yana bin wuyansa. Ya ce, "Ba ni da fuskar roƙonki yau. Amma ke kaɗai kika san inda hannunki ya shiga, ni kuma cikina ba ya wuce ƙofar nan. Minti goma. In ba mu gani ba ki tafi, ni zan san abin da zan gaya musu."

Na ɗauki tocila na koma rami.

Minti goma ya wuce, Injiniya ya buga jikin jirgin ya ce in fito. Ban fito ba. Har yau in aka tambaye ni dalili ba ni da amsar kirki. Ba tsoron rasa aiki ba ne, ba kuma tausayin mai jirgin ba, wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba sai bayan motarsa. A cikin ramin akwai abu ɗaya da zan nema, na san kamanninsa. A waje kuwa ban san me zan yi da hannuwana ba. Na bi ƙarƙashin kwamfuresa da madubi. Na zura maganaɗisu bayan igiyoyin. Na kwance marfi biyu da na riga na ɗaure, kusoshi sun fi ashirin, na jera su a murfin gwangwani.

Matuƙin ya zo yana kaɗa makulli. Na ji shi daga ciki yana cewa, "Injiniya, yarinyar taka ta haɗiye sifana ne? A kai ta asibiti a ɗauki hoto mana." Injiniya ya yi masa magana ƙasa-ƙasa. Sai matuƙin ya leƙo ta ƙofar ya ce, "Ƙanwata, yi haƙuri, ban sani ba." Na ce ya matsa, ya tare mini haske.

Na mayar da marfin, kusa bayan kusa. Ina ɗaure ta ƙarshe na ji kiran salla daga masallacin ma'aikata. Na sauko. Injiniya ya miƙo mini wayata, tana ta ƙara. Yaya ne.

"Liman ya iso. Umma ta ce a jira ki, Kawu ya ce ba a yi wa gawa haka. Kina hanya?"

Na ce, "E." Ƙarya nake yi, ya kuma sani, don injin janareta yana ruri a bayana.

Akwai famfo a gefen rumfar ajiye jirage. Na ce bari in yi alwala, kada in shiga wurin gawa haka. Na wanke hannu, na wanke fuska. Na tura ɗankwalina baya zan shafi kai, sai wani abu ya faɗi kan siminti ya yi ƙara.

A garejin Baba haka nake yi. In ina ƙarƙashin mota hannuna biyu a cike, sai in soke ƙaramar sifana a ɗaurin ɗankwali, kamar yadda kafinta ke soke fensir a kunne. Shekara bakwai ina yi. Hannuna ya yi abinsa bai shawarce ni ba.

Na ɗauka, na kai wa Injiniya. Ya karɓa, ya saka a gurbinta, ya rufe akwati. Ya ce in shiga mota. Ya yi gudun da ban taɓa ganin ya yi ba, ta Bosso muka bi, yana ta danna wa masu keke oda yana zaginsu da yarensa. Ni ina kallon shaguna. Na karanta kowane allo da muka wuce.

A bakin layinmu babu maza. Tabarmi ne shimfiɗe, da butoci, da takalman mata a ƙofar gida. Ruwan da aka yi wa Baba wanka da shi yana fitowa ta magudana, bai ko bushe ba. Na tsallake shi na shiga.

Umma tana zaune a tsakiyar mata. Ta ɗago ta dubi rigar aikina, ta ce, "Sun fita." Na zauna kusa da ita. Na ce, "Yaya fuskarsa take?" Ta ce, "Kamar kullum." Wata gwaggo ta jefo mini mayafi ta ce in rufe jikina, baƙi na shigowa. Na rufe. Ana ta cewa ya haƙuri, ina cewa da godiya.

Bayan la'asar maza suka dawo. Yaya ya shigo, jar ƙasa har gwiwar wandonsa. Ya tsaya a kaina, bai dubi idona ba. Ya ce, "Jirgin ya yi sanyi?"

Na ce, "Ya yi."

Ya gyaɗa kai, ya wuce wanke ƙafa.