Gwangwanin Maɓallan Inna

Shekara talatin da ɗaya Mai Wasiƙa ya yi yana raba wasiƙu a kan babur guda, wani ja mai dogon salansa wanda tun daga bakin layi ake gane kukansa. Da ya yi ritaya, babur ma ya yi tasa a bayan gida, kaji suka mayar da shi wurin kwana. Sunan dai ya bi mutumin, har jikokinsa Mai Wasiƙa suke ce masa.

Ran nan, bayan shekara goma sha biyu, ya wayi gari ya ce sai ya tayar da shi. Kuma a ina? A falo! Wai tagar falo ta fi haske. Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, tana kan keken ɗinkinta ta ga an turo mata tsatsa da kashin kaji har tsakar ɗaki.

Ba ƙazantar ce ta dame ta ba, idonsa ne. Likita ya ce na hagu ya tafi, na dama ma saura ƙiris, ko keke kada ya kuskura ya hau. Mutumin da ya taɓa tsayawa ya gaishe da turken shanya har da tambayar iyali, shi ne zai hau titi? Amma Inna ta san kayanta, in ka hana shi abu to ka zuga shi ke nan. Sai ta ƙyale shi, har da miƙa masa tsumma.

Aiki kam ya iya, wannan ba a ƙwace masa. Ya warware babur ɗin kaf, ya jera kayan a murafen kwanoni, kowane noti sai ya wanke shi da kananzir da tsohon buroshin haƙori. Da yatsu yake gani. Ya shafa ƙarfe sau ɗaya ya gaya maka inda ya fito. Cikin wata huɗu jan fenti ya dawo, tanki na ƙyalli, Inna kuwa ta shiga neman dabara.

Sai fulogi ya ɓata.

"Innar yara, ba ki ga wani ɗan farin abu mai bakin ƙarfe ba?"

"Ni? Ina ni ina kayan ƙarfe, Malam? Kajin nan dai nake zargi, ka raba su da gidansu."

Har tsintsiya ta ɗauko ta taya shi nema, ta leƙa ƙarƙashin kujera tana salati, alhali abin na kwance cikin gwangwanin maɓallanta. Ya sayo wani. Bayan sati wani ɗan sifirin ya bi sahu, shi ma ya samo. Sai ta kai hannu kan allurar kabireta, 'yar siririyar aba wadda in babu ita mai ba ya tafiya daidai, kuma an daɗe da daina yin irinta. Ya zaga wurin kanikawa har ƙafarsa ta kumbura, kowa ya ce sai dai haƙuri.

Daga nan falo ya yi tsit. Ya zauna kusa da babur yana goge abin da ya riga ya goge, abinci ma sai ya taɓa ya ture. Wallahi tausayinsa ya kama ta, amma ta daure. Gara ya yi fushi yana raye.

Wata safiya tana ɗinki, ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Miƙo mini gwangwanin maɓallanki."

Ƙafarta ta tsaya cak a kan keke. "Maɓalli ne ya cire maka?"

"Shekara arba'in ina jin ƙarar gwangwanin nan in kin girgiza shi. Maɓalli ba ya ƙara irin ta fulogi. Tun ranar farko na ji."

"To me ya hana ka magana?"

"Yadda kike zagin kajin nan ne yake ba ni dariya." Ya shafa tankin babur. "Ba zan hau titi ba, Innar yara. Daga nan ko ƙofar falo ba na gani sosai. Kukansa kawai nake so in ji."

Ta miƙa masa, idonta ya cika da ƙwalla, ta kuma ji haushin an kama ta. Kafin azahar ya ɗaura allura. Bugu ɗaya, biyu, a na biyar babur ya yi tari ya kama. Kai! Hayaƙi ya turnuƙe falo, labulenta fari ya tashi daga aiki, kaji suka watse a tsakar gida. Shi kuwa yana zaune a kai, babur na kafe a kan ƙafarsa ta ƙarfe, ko motsi ba ya yi, ya rufe ido yana murɗa mai.

"Hau mana!" ya ce da ƙarfi.

Ta tattare zani ta hau baya, ta riƙe shi gam kamar yadda take yi suna da ƙuruciya. Ta kai baki kusa da kunnensa.

"Malam, a hankali. Akwai rami a gabanka."

Ya sassauta mai, ya karkata kan babur ya kauce masa.