Sunan da Kaka Ta Ƙi Kamawa

Ranar sunan ɗana, a gidanmu na unguwar Rusaifa, nan ƙasa mai tsarki, na zauna gaban kakata da takarda don in rubuta masa asalinsa. Ta jero kakanninta tiryan-tiryan. Da muka zo kan mijinta, sai ta ce, “Shi.”

Na san sunan, so nake in ji daga bakinta. Na ce, “Kaka, ya daɗe da rasuwa fa.”

Ta ce, “To, mutuwa ce za ta sa in kama sunansa?”

Nan ta gaya mini cewa da suka taso a ƙafa daga Damagaram, zamanin Faransa, akawun kan iyaka ya tambaye ta sunan maigidanta, shi kuwa maigidan ya tafi shayar da jakuna. Ta sunkuyar da kai. Da akawu ya gaji, ya rubuta sunan ƙauyensu. Shi ne sunan gidanmu a katin shaidarmu har yau.

Na ce, “Ashe kunyarki ce ta jawo mana amsa sunan ƙauye.”

Ta yi dariya har da hawaye. “Ku gode mini. Hausarku ta koma Larabci, amma ko jaririn nan ba zai ɓata hanyar gida ba.”