Ranar da na wanke akwatin kifin Baba

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a Aliero, mahaifina ya kamu da shanyewar ɓarin jiki. Masunci ne, tun yana saurayi yake jefa taru a gulbin Jega. Rana ɗaya ya koma kwance a ɗaki, hannun dama ya mutu, harshe ya yi nauyi. Sai ya wuni bai ce uffan ba.

Akwai wani abokin aikina Kirista da aka yi wa canjin wurin aiki. Yana da ɗan akwatin gilashi mai ƙananan kifaye biyar masu launi, kuma ba zai iya tafiya da shi ba. Ya ce in kai wa Baba. Kafin mu rabu ya zaunar da ni ya yi mini karatu: kada in ƙara kifi, akwatin ƙarami ne. Abinci ɗan kaɗan, abin da za su cinye nan take. Ruwan famfo sai ya kwana a bokiti kafin a zuba. In za a canza ruwa, a ɗebe kashi ɗaya cikin huɗu kawai, kuma sabulu kada ya kusanci akwatin. Ni kuwa ina ta "to, to", hankalina yana kan yadda zan ɗaure shi a babur.

Da na ajiye shi kusa da shimfiɗar Baba, ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Waɗanga... ko miya ba su yi." Inna, wato mahaifiyata, ta fashe da dariya har da hawaye, don rabon da ya yi wa wani ba'a tun kafin ciwon. Daga nan ya karɓi ragamar kifin. Shi ke barbaɗa musu abinci da hannun hagu, shi ke nuna wa Inna ludayi nawa za ta ɗebe na ruwa. Magana ta fara dawowa, kalma biyu, kalma uku.

Wata Juma'a na zo gida na tarar dangi daga Mungadi za su zo dubiya. Na dubi akwatin, gansakuka ta yi kore a jikin gilashin. Kunya ta kama ni. Ni malamin makaranta, a zo a ga ƙazanta a ɗakin ubana? A gidanmu in baƙi za su zo har randa ake juyewa a goge, sai na ce shi ma haka za a yi masa.

Na kwashe kifayen a roba. Ina ɗaga akwatin Baba ya fara bugun tabarma. "Bari... bari... ruwan ga..." Bakinsa yana rawa, kalmar ta ƙi fita. Ban jira ba. Na ce, "Baba ka huta, na san abin da nika yi." Na zubar da ruwan kaf, na sa soso da sabulu na dirje gilashin da tsakuwar ciki, na cika shi da ruwan famfo mai sanyi, na mayar da kifayen ciki. Ya yi fes, har ina yaba wa kaina.

Baƙin suka zo suka yi ta sha'awa. Kafin la'asar kifayen sun taso sama suna buɗe baki. Kafin magariba duk biyar sun juya ciki. Baba yana kallo har na ƙarshe ya daina motsi. Da ƙyar ya haɗa maganar da na hana shi ɗazu: "Ruwan da sunka saba... ka zubas." Ya juya fuska bango.

Na ce zan nemo wasu ko daga Birnin Kebbi ne. Ya girgiza kai. Wata huɗu bayan haka Allah ya yi masa rasuwa. Na san ajali ne, kifi ba shi ya kashe shi ba, amma wannan sanin bai taɓa rage mini zafin abin ba.

Yau ina kiwon kifi a akwatin nan, kuma duk mai son farawa nakan maimaita masa karatun abokina, in ƙara da cewa koren gilashi ba cuta ba ne, tsumma mai tsabta ya isa. Amma abin da na koya ya wuce na kifi. In mara lafiya ya fara magana, nakan zauna in jira ya kai ƙarshenta, ko za ta ɗauke shi minti goma.

Bayan sadakar bakwai na tambayi Inna ko Baba ya riƙe ni a zuciya. Ta ce, "A'a, ya yahe maka tun ranar." Sannan ta ce, "Amma tun da kac ce mai ya huta, bai sake cewa a yi ko a bari ba cikin gidan ga."