Farar da Yaya ya cire wa kai

Tudun rairayi ne ya cinye mana rabin lambu a kwari, shekarar da na bar makarantar lise. Haushin abin ya sa na fara haɗa wata na'ura da babu irinta a duniya: ƙatuwar fara ta ƙarfe, wadda maimakon gero, rairayi za ta riƙa ci. Na san ba za ta taɓa motsi ba. Ni dai so nake a gan ta.

Cikinta mataccen injin ban ruwa ne na Baba. Ƙafafun baya na keke ne, fukafukan kaba na saƙa da hannuna. Kan kuwa tankin moto ne, wato babur, na dasa masa ƙwallon goriba biyu, sai ga shi yana kallon mutum kamar an ci masa bashi.

Yayana mai walda ne a bakin tasha, a garajinsa muka yi aikin. Shi ya koya mini riƙe wuta. In abokansa suka ce, "Wai ƙanwar taka aljani take ƙerawa?" sai ya ce, "Wanda zai fara cinye ku ne." Shi ya sa da malaminmu na zane ya ce za a nuna ta a wani baje kolin masu fasaha a Damagaram, ban yi tunanin kowa ba sai Yaya.

Ana nan aka fara ƙananan maganganu, wai abu mai kai da ido gunki ne. Na ce su yi ta yi. Zan tafi garin Kelle sunan ɗan gwaggona, na ce, "Yaya, amana." Ya ce, "Je ki, ko ƙuda ba zai sauka kanta ba."

Na dawo na tarar da wuya a guntule, an ma goge wurin sumul, an shafa fenti. Aikin natsuwa, ba na fushi ba.

Na ce wa Yaya, "Ina kanta?"

"Ke, sassauta murya. Mutane sun daina kawo mini aiki. Yanzu inji ce kawai, ba mai cewa komai."

"Ka tambaye ni?"

"Da kin yarda?"

Tankin na gan shi a kan moton wani mai kabu-kabu, an toshe ramukan idon. Goribar kuwa, awaki sun cinye.

Haka aka ɗora ta a mota, don lokaci ya ƙure. A Damagaram mutane suka kewaye ta. Wani mai tabarau ya yi ta yaba mini, wai rashin kan nan shi ne hikimar aikin gaba ɗaya.

Da labari ya iso garinmu Gure, Yaya ya tare ni a zaure yana dariya. "To, kin gani? Ashe gyara na yi miki."

Na wuce ciki. Har yau in zan je kasuwa, ta bayan tasha nake zagayawa.