Mai Tumatir da Bakunan Ƙaho

A kasuwar Makokoba ta birnin Bulawayo akwai wata dattijuwa mai tumatir, doguwa, busasshiya, wadda na ji ana kira MaNdiweni. Hannunta ɗaya yana korar ƙuda, ɗayan ba ya rabuwa da wata jakar tsumma da ke ƙugunta, mai ƙarar ƙarfe idan ta motsa. Bakunan ƙarfe na ƙahonin mabusan wani otal na Turawa ne a ciki, waɗanda ƙaho ba ya busuwa sai da su. Mabusan sun rantse ba za su sake busa ba sai an bar baƙaƙen fata su shiga ta ƙofar gaba, suka danƙa mata su don kada yunwa ta karya wani.

Ga ɗayansu nan durƙushe a gabanta, kwat ta yi masa yawa.

"Mama, ki ba ni nawa, na yau kaɗai. Yara ba su ci komai ba."

"Kai Zenzo, mai ƙaton kumatu! Uwarka ta taɓa jin busarka in ba ta bayan katanga ba?"

Ya sunkuyar da kai. Ina zaton dattijuwar ita ma ta daɗe tana saurare a bayan katangar nan. Ta cika masa hula da tumatir, ta miƙa masa garin masarar gidanta, jakar kuwa ta ƙara mata ƙulli.