Rabin Yaro a Tsakiyar Komadugu

Muna tsakiyar kogin Komadugu cikin kwalekwale, zamanin Faransawa, sai abokina Kojo, akawu ɗan Katolika, ya miƙe yana rantsuwa Maryamu uwar Allah ce. Ni ɗan Furotesta na miƙe, na ce jikin Almasihu kawai ta haifa. Kwalekwale ya karkata, ga shi ba mu iya ruwa ba.

Ya Falmata, ungozomar Diffa da ke cikin kwalekwalen tare da mu, ta rungume buhun tattasanta ta ce, "'Ya'yana, na tsufa ina yankan cibi, ban taɓa ganin matar da ta haifi rabin yaro ba. Ku zauna, in ba so kuke ku je ku tambayi Maryamu yau ba!"

Muka zauna.

Kojo ya daɗe da rasuwa, yanzu ba mai musu da ni. Cikinku wa zai tsaya masa?